Wane Harshen Umarni Za Ka Dasa a Cikin Manhajarka?

 

Shugaban taro, malamai abokan aiki, ɗalibai maza da mata: Batun da aka nemi in yi magana a kai shi ne: idan mutum ya gina manhaja, kuma yana son masu amfani da ita su riƙa sauya mata hali da kansu ba sai sun dawo wurinsa ba, wane harshen umarni ya kamata ya dasa a cikinta?

Bari mu fara fahimtar juna a kan abin da ake nufi. Yawancin manyan manhajoji da harsuna irin su C, C++ ko Java ake rubuta su. In an gama, sai a harhaɗa kod ɗin ya zama abin da na'ura za ta gudanar, a miƙa wa mai saye. Daga nan ta daskare a yadda aka yi ta. Dasa harshen umarni kuwa shi ne a sa wani ƙaramin tafinta a cikin manhajar, wanda zai karanta gajerun umarni da wani ya rubuta a fayil, ya aiwatar da su nan take, ta ƙofofin da mai manhajar ya buɗe masa. Kun daɗe kuna hulɗa da irin wannan. Excel na ɗauke da VBA tun 1993. AutoCAD da masu zanen gine-gine ke aiki da shi na ɗauke da AutoLISP tun 1986. Blender da QGIS na ɗauke da Python. Wikipedia ta dasa Lua a 2013, kuma da yawa daga samfuran da ke shirya shafukanta, har da na Hausa, rubutun Lua ne ke aiki a bayansu.

Mu ɗauki aikin da da yawanku za su iya samu da zarar sun kammala karatu: manhajar fitar da sakamakon jarrabawa ga makarantu masu zaman kansu. Makaranta ta farko ta ce gwajin tsakiyar zango maki 30 ne, jarrabawa 70. Ta biyu ta ce 40 da 60. Wannan bai kai a dasa harshe ba, kuma ina roƙonku kada ku dasa. Shafin saiti mai gurabu biyu ya wadatar. Amma sai ga makaranta ta uku, shugabanta ya zaunar da kai ya ce: gwaji uku muke yi, muna jefar da mafi ƙaranci, sai dai idan yaro bai rubuta ɗaya ba saboda rashin lafiya kuma ya kawo takardar asibiti, to shi a ɗauki matsakaicin biyun da ya yi, makin hadda kuma yana fitowa a takardar sakamako amma ba ya shiga lissafin matsayi, sai a aji shida. Da ka ji abokin ciniki ya fara jera «idan» da «sai dai idan», kuma na gaba ya zo da nasa daban, to kana gab da zaɓi biyu. Ko dai kowace makaranta ka yi mata tata manhajar, ka wayi gari kana kula da manhajoji ashirin masu suna ɗaya, ko kuma ka fitar da dokokin daga cikin manhajar, ka sa su a fayil, ka ba su harshe.

A nan ne nake ganin matasanmu na fara tambayar da ya kamata ta zo a ƙarshe: wane harshe ya fi sauri? Abin da na zo faɗa muku yau shi ne, zaɓen nan zaɓen mutane ne kafin ya zama zaɓen fasaha. Wa zai rubuta umarnin? Yaya girman amanar da ka ba shi? Kuma za ka iya riƙe masa abin da ya rubuta yana aiki nan da shekara goma?

Tarihin Lua ya nuna wannan sarai. Daga 1977 zuwa 1992 ƙasar Birazil ta kafa shinge mai tsauri a kan shigo da kwamfuta da manhaja daga waje, don ta raya masana'antar cikin gida. Saboda haka kamfanoni irin su Petrobras, kamfanin man fetur na ƙasar, suka dogara da masana na gida. Akwai wata cibiya mai suna Tecgraf a Jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro da ke yi wa Petrobras manhajoji. Injiniyoyin kamfanin na buƙatar shigar da bayanai masu yawa cikin manhajojin kwaikwayon aiki, masana duwatsu kuma na buƙatar tsara rahoton sassan ƙasar da aka haƙa. Cibiyar ta yi musu ƙananan harsuna biyu, DEL da SOL, waɗanda aikinsu kawai bayyana bayanai. Ba a daɗe ba masu amfani suka fara neman ƙari: muna son mu ce idan kaza ya faru a yi kaza, muna son a maimaita abu sau da yawa. Daidai irin buƙatar shugaban makarantarmu ta uku.

A 1993 mutum uku, Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, suka zauna suka duba abin da ke akwai. Tcl na nan, amma tsarin rubutunsa baƙo ne ga mutanensu, kuma a lokacin a kan Unix yake gudana, alhali Petrobras na da kwamfutoci iri-iri. Dangin Lisp na nan, amma sun ga bakunan da ke cika rubutunsa za su kori wanda ba sana'arsa ke nan ba. Python kuwa yana jariri. Ku lura da ma'aunin da suka yi amfani da shi: injiniyan mai da masanin duwatsu, mutanen da ba su karanci kwamfuta ba. Don su aka yi Lua ƙarami, mai sauƙin karantawa, an rubuta shi da tsantsar C yadda zai harhaɗu a kusan kowace na'ura. Har yau kod ɗinsa layi dubu talatin ne ko kusa da haka, tafintansa kuma bai kai rabin megabayit ba. Daga baya masu wasannin kwamfuta suka gano shi. Kamfanin LucasArts ya yi amfani da shi a wasan Grim Fandango na 1998, sannan World of Warcraft ya buɗe shi ga 'yan wasa a 2004 su ƙera wa kansu ƙarin kayan aiki. Adobe ya rubuta babban ɓangare na Lightroom da shi.

Wani zai ce, to ai su ma sabon harshe suka ƙirƙira, me zai hana ni? Wannan sha'awa tana kama kusan duk wanda ya ɗauki darasin gina tafinta, kuma na san daɗinta. Amma ku ji dalilin da ya haifar da Tcl. John Ousterhout da ɗalibansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suna ƙera manhajojin zana sassan lantarki, kowace manhaja da ɗan harshenta da aka yi mata cikin gaggawa. Hankalinsu na kan manhajar, harshen kuwa sai ya fito raunanne, mai halaye na ban mamaki, kuma ba ya amfani a manhaja ta gaba. Shi ya sa a 1988 ya gina harshe guda da za a riƙa dasawa a ko'ina, kuma har gobe masu zana sassan lantarki da Tcl suke ba manhajojinsu umarni. Rubuta tafinta aikin 'yan makonni ne. Abin da ke cin shekaru shi ne saƙon kuskure mai ma'ana, da littafin koyo, da kayan gano matsala, da amsar tambayar malamin da ya maƙale da ƙarfe goma na dare ana gobe raba sakamako. Mai amfani da Lua ko Python zai samu littattafai da dubban mutanen da suka riga shi cin karo da matsalarsa. Mai amfani da harshenka kai kaɗai gare shi. Akwai waɗanda suka ƙirƙiri nasu suka ci nasara, kamar masu injin wasanni na Godot da suka yi GDScript, amma sai da suka gwada Lua da Python tukuna suka ga takamaiman inda suke takura musu. Wanda bai kai wannan matsayi ba, ya ɗauki abin da aka riga aka gina.

Yanzu mu zo kan amana, inda nake so mu daɗe.

Ranar da ka dasa harshe a manhajarka, ka yarda ke nan rubutun wani ya gudana a kwamfutar abokin cinikinka da sunanka. A gidan Bahaushe, baƙo a zaure ake saukarsa. Ana shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da abinci, a biya masa buƙatar da ta kawo shi, amma ba ya ƙetarawa cikin gida sai da izini. Rubutun umarni baƙo ne. Tambayar ita ce ko harshen da ka zaɓa yana ba ka damar gina masa zaure, ko kuwa da shigowarsa ya isa har ƙuryar ɗaki.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A watan Maris na 1999 wani rubutun umarni da aka ɓoye a cikin takardar Word, wanda aka fi sani da Melissa, ya bazu a duniya cikin 'yan kwanaki. Da mutum ya buɗe takardar, sai rubutun ya shiga Outlook ya aika kansa ga mutum hamsin na farko a jerin adireshinsa. Manyan kamfanoni sai da suka rufe imel ɗinsu. Ba wata kafa ya fasa ba. Ikon da aka ba kowane rubutun umarni ya yi amfani da shi. Fiye da shekara ashirin ana fama da irin wannan, sai a 2022 Microsoft ya mayar da toshe irin waɗannan umarni a takardun da suka fito daga intanet ya zama shi ne asali.

Python harshe ne mai albarka, kuma ina koyar da shi da zuciya ɗaya. Amma ba a killace shi daga ciki. Yadda aka gina shi, kowane abu a cikinsa yana nuna maka ajinsa, ajin ya nuna maka iyayensa, daga nan ka gangaro zuwa sauran azuzuwan da ke cikin tafintan, har ka isa ga wanda ke buɗe fayil ko gudanar da umarnin na'ura. Ka toshe hanya ɗaya, mai nema ya samu wata. Python ya taɓa zuwa da wani sashe na killacewa mai suna rexec, aka dakatar da shi a siga ta 2.3 saboda ba ya riƙe abin da aka ce zai riƙe. Victor Stinner, ɗaya daga masu kula da harshen, ya yi shekaru yana gina wani shingen mai suna pysandbox, a 2013 ya fito fili ya sanar cewa tsarin ba zai taɓa tsayuwa ba, ya ba da shawarar a killace tafintan gaba ɗayansa daga waje. Shi ya sa Blender ba ya gudanar da umarnin da ya zo a cikin fayil ɗin wani sai ya tambaye ka ko ka amince da shi. Shi ya sa kuma da Microsoft ya kawo Python cikin Excel a 2023, ba a kwamfutarka yake gudana ba, a wani killataccen wuri ne a sabobin kamfanin.

Lua ya bambanta a nan, domin tafintansa yana farawa ne hannu wofi. Kai mai manhaja kai ke zaɓar laburaren da za ka buɗe masa. Ka ba shi na lissafi da na sarrafa rubutu, ka hana shi io da ke taɓa fayiloli, da os da ke magana da na'ura, da debug da package. Ka ƙi karɓar kod ɗin da aka riga aka harhaɗa, sai rubutu tsantsa, domin harhaɗaɗɗen kod na mugunta yana iya rusa tafintan. Sannan ka miƙa masa ƙofofinka kaɗai: ga makin ɗalibi, ga yadda za ka mayar da daraja. Rubutun makaranta ba shi da dalilin sanin inda fayil ɗin kuɗin makaranta yake.

Amma ɓarna ba sai da mugun nufi ba. Malamin kirki yana iya rubuta zagayen da ba ya ƙarewa, manhajar ta sandare. Lua yana ba ka damar sa ƙugiya da za ta farka bayan kowane adadin matakai ta duba ko lokaci ya ƙare, kuma yana ba ka damar riƙe ragamar memorin da ake ba shi. Wikipedia, wadda kowa a duniya ke iya rubuta mata umarni, ta ƙayyade wa rubutun Lua daƙiƙa goma da megabayit hamsin a kowane shafi. Ya wuce haka, a yanke shi a nuna kuskure. Ku kwatanta da Redis, ma'adanar bayanai da ta dasa Lua a 2012. A can, muddin rubutu na gudana, sabar ba ta sauraron kowa. In ya wuce daƙiƙa biyar sai ta fara gaya wa sauran masu nema cewa tana cikin aiki. Idan rubutun bai riga ya sauya bayanai ba, ana iya kashe shi. Idan ya riga ya sauya, ba mafita sai a kashe sabar ba tare da adana abin da ya yi ba. Dukansu Lua ne, amma kowanne ya yanke hukunci gwargwadon wanda yake tsammanin zai yi masa rubutu.

Kuma kada mutum ya gina shinge ya juya baya. A 2022 an gano cewa Redis ɗin da ke zuwa a Debian da Ubuntu yana da kafa: yadda aka haɗa shi da laburaren Lua ya bar package a buɗe, wanda duk ya samu damar aika rubutu yana iya gudanar da abin da ya ga dama a kan sabar. Laifin ba na harshen ba ne, na yadda aka ɗaure shi ne. Kamfanin Figma ma, da ya buɗe wa jama'a damar rubuta ƙarin kayan aiki da JavaScript a 2019, ya fara da wata dabara ta killace rubutun a cikin tafintan burauza. Cikin 'yan watanni aka gano mata kafofi. Sai suka koma ga QuickJS, ƙaramin tafintan JavaScript da Fabrice Bellard ya fitar a shekarar, suka sa shi a cikin WebAssembly yadda rubutun baƙo ba ya ma ganin abubuwan burauzar. Ya fi na farko nawa, sun kuma san da haka, suka zaɓi aminci. A ganina sun yi daidai.

Abu na gaba shi ne wanda matashi bai cika hangowa ba, domin sai an yi shekaru yake bayyana. Duk layin umarnin da abokin cinikinka ya rubuta ya zama alkawari a wuyanka. Makarantu hamsin sun rubuta dokokinsu, malamin da ya rubuta wasu ma ya bar aiki, ba wanda ya san abin da ke ciki sai dai yana aiki. Ranar da ka sauya harshe, ko ka hau sabuwar siga da ba ta jituwa da tsohuwa, duk waɗannan sun tsaya.

Python 3 ya fito a Disambar 2008 da sauye-sauyen da suka karya tsofaffin rubuce-rubuce. Sai 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da Python 2. Manhajojin da suka dasa shi sun sha wuya fiye da kowa, don ba kod ɗinsu kaɗai za su gyara ba, har da na dubban mutanen da ba su sani ba. QGIS ya yi ƙaurar a 2018, masu ƙarin kayan aiki suka sake gyara nasu. Maya, manhajar da masu finafinan zane ke aiki da ita, sai a 2021 ta kawo Python 3. GIMP kuwa sai a 2025. Lua ma ba ya tsira daga wannan, hasali ma masu shi ba su taɓa yin alkawarin jituwa tsakanin manyan sigogi ba. Siga ta 5.1 ta fito a 2006; ta 5.2 a 2011 ta cire setfenv, wanda da shi mutane da yawa suka gina shingensu. Sakamakon haka Wikipedia da Redis da World of Warcraft suka tsaya a kan 5.1 ko abin da aka samo daga gare ta, LuaJIT na Mike Pall ma a kanta ya dogara, Roblox kuwa ya ɗauke ta ya raine ta ta zama harshensa na Luau. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ƙanƙantar Lua da lasisinsa na MIT: kana iya kwafe kod ɗinsa gaba ɗaya cikin manhajarka, ka karance shi, ka riƙe sigar da ka zaɓa muddin kana so. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce ga kamfanin mutum uku. V8, injin JavaScript na Google, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma girmansa da wahalar harhaɗa shi da yawan sauyawarsa na buƙatar ma'aikata na musamman, kuma ba a barinsa ya tsufa saboda gyare-gyaren tsaro. Ku kuma karanta lasisi kafin ku ɗauka, musamman in manhajar ta sayarwa ce; sharuɗɗan MIT daban suke da na LGPL da harshen Guile ke ɗauke da shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da bayananmu ke ɗauke da haruffan Hausa. A wurin Lua, rubutu jerin bayit ne kawai. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bayit biyu ne a tsarin UTF-8. Saboda haka in ka tambayi Lua tsawon kalmar «ƙasa», zai ce maka 5. In ka ce ya mayar da «ɗaki» manyan haruffa, zai ɗaga a da k da i, ya bar ɗ yadda take. Ka yi tunanin magatakarda na neman ɗalibi mai suna Ɗanladi, ya rubuta da ƙaramin harafi, rubutun umarni ya ƙanƙanta sunayen don ya kwatanta, babbar Ɗ ta ƙi sauka, manhaja ta ce babu wannan yaro a makarantar. In kuma aka yanke suna don ya shiga gurbi a takardar sakamako, yankan na iya faɗawa tsakiyar harafi, a buga wata alama marar ma'ana. Lua 5.3 ta 2015 ta kawo ɗan laburaren utf8 da ke ƙirga haruffa daidai, amma ba ya sauya girman harafi. Wikipedia sai da ta rubuta nata, mw.ustring. Python 3 da JavaScript kuwa sun san Ƙ da Ɗ da Ɓ tun asali, har ma suna barin ka sa su a sunan ma'ajin ƙima, abin da Lua ba ya yarda da shi a yadda aka saba harhaɗa shi. Wannan ba ya hana a zaɓi Lua. Yana nufin kai ne za ka samar da ƙofofin ɗaga harafi da sauke shi da yanke rubutu, ka gwada su da sunayen mutanenmu kafin manhajar ta fita.

Haka batun kuɗi. Lua, da JavaScript a lambobinsa na yau da kullum, suna riƙe lamba ne ta hanyar da 0.1 da 0.2 in aka haɗa ba sa zama daidai da 0.3. Lua zai ma buga maka 0.3 a allo, amma in ka tambaye shi ko daidai suke, ya ce a'a. Duk wanda zai bar abokin ciniki ya rubuta dokar ragi ko tarar jinkirin biya, ya miƙa masa kuɗin a kobo, cikakkiyar lamba, a mayar da shi naira wajen bugawa kawai.

Ga wani tarko kuma da ya kamata ku gani da idonku. A Lua, sunan da ba a gabatar da shi ba ana karɓarsa shiru. Malami ya rubuta:

jimilla = 0
jimila = jimilla + maki

Harafi ɗaya ya faɗi a layi na biyu. Lua ba zai ce uffan ba. Zai buɗe sabon ma'aji mai suna jimila, ainihin jimillar ta zauna a sifili, yaro ya tafi gida da sakamakon da ba nasa ba. Ana magance wannan da 'yan layuka da ke sa tafintan ya ƙi duk sunan da ba a gabatar ba. Mai manhaja ne zai sa su, ba malamin ba.

Sauri fa? A yawancin ayyukan da za ku yi, ba shi ne matsala ba. Aiki mai nauyi ya zauna a cikin manhajar, rubutun umarni ya yanke hukunci kawai. Inda ake asarar lokaci shi ne yawan ƙetare iyaka tsakanin ɓangarorin biyu, don haka ku miƙa wa rubutun aji guda a kira ɗaya maimakon ku kira shi a kan kowane maki. Girma ma abin dubawa ne, tunda abokan cinikinmu da yawa da tsofaffin kwamfutoci suke aiki, kuma data da kuɗi ake saye: Lua da QuickJS ba sa ƙara wa manhaja nauyin a zo a gani, Python kuwa yana zuwa da megabayit da dama, ga kuma rigimar wace siga ce ke kan kwamfutar mai saye in ba ka haɗo taka ba.

In kun tambaye ni hukuncina a kan manhajar makarantar nan, Lua 5.4 zan dasa, in rufe masa fayiloli da na'ura, in ƙayyade masa lokaci, in ba shi ƙofofin haruffan Hausa, in riƙe sigar a cikin kod ɗina. Amma da masu amfani da manhajar masu bincike ne, irin masu nazarin taswira ko alƙaluman lafiya, waɗanda ke rubuta umarni don kansu a kwamfutocinsu, da Python zan ba su ba tare da jinkiri ba. Sun riga sun san shi, kuma abin da suke so shi ne NumPy da pandas da sauran laburarensa. Hana su wannan don tsoron abin da ba zai faru ba zalunci ne. Inda kuma baƙi za su riƙa rubuta ƙarin kaya suna rarraba wa baƙi, ba zan dogara da shingen cikin harshe kaɗai ba ko da wane harshe ne. Zan ware tafintan a gefe guda, in sa tsarin na'urar kansa ya tsare shi.

Kafin ku yanke naku hukuncin, ga abin da nake ba ɗalibaina shawara su yi. Ku ɗauki doka mafi wuya da abokin ciniki ya taɓa kawo muku, ku rubuta ta da harsuna biyun da kuke waswasi a kansu, ku haɗa kowanne da manhajar ta ƙofa biyu ko uku kawai. Sannan ku je wurin wanda zai yi aikin da gaske, jami'in jarrabawa ko akawun makarantar, ku ajiye masa rubutun, ku ce: Malam, a sauya makin cin jarrabawa daga 40 zuwa 45. Ku yi shiru ku kalli hannunsa. Bayan nan ku goge baka ɗaya ko kalma ɗaya da gangan, ku bar shi da saƙon kuskuren da ya fito. Idan saƙon bai faɗi sunan fayil da lambar layi ba, ko ya faɗa da kalmomin da sai injiniya ke ganewa, to akwai sauran aiki a gabanku, kuma aikin naku ne: ku tare kuskuren a bakin iyaka, ku sake faɗar sa da Hausa ko da Turanci mai sauƙi, ku tabbatar manhajar ba ta adana rabin sakamako ba kafin ta tsaya.

Shugaban taro, nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.